Famfo ya kwana a buɗe: laifin wanda ya buɗe ne ko na wanda ya kulle gida?

Maman_Nafisa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina kwananku, ya zafi? Zauren nan ya yi tsit tun gaisuwar ƙaramar salla, kamar an yi ruwa an ɗauke. To ni yau ƙara na kawo, sai kun yi mini shari'a.

Jiya tun azahar aka ɗauke mana ruwa a nan Talaje. Da magariba na buɗe famfon banɗaki na tara bokiti, da niyyar in ruwan ya dawo in ji ƙararsa in tashi in cika bido, wato jarka, da randa. Zafi ya kore mu daga ɗaki, muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, muka ɗaura gidan sauro. Barci ya sace ni. Da asuba na tashi zan ɗauko buta, ina sa ƙafa a bakin ƙofar falo na ji ta cikin ruwa har idon sawu, ga takalmin Nafisa na yawo kamar kwalekwale. Moket, wato kafet ɗin falo, ya sha, katifar yara ta sha, gindin buhun shinkafa ya sha, kwalin takardu da ke ƙarƙashin gado shi ma bai tsira ba.

Maigida ya ce laifina ne, ni na buɗe. Ni kuma na ce nasa ne, don shi ya shigo ƙarshe daga fada, wurin hirarsu da shan shayi, wajen ƙarfe 1 na dare, ya shiga banɗakin da fitilar waya, ya ga famfo a buɗe ya wuce abinsa. To ku faɗi tsakani da Allah, laifin wa? Kuma wa ya san yadda ake raba moket da wari?

Ɗan_Adar: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Nafisa, Allah shi tsare gaba. Amma wagga shari'a ba ta da wuya: wanda yab buɗe shi ka rufewa. Na gama, a ba ni goron alƙali.

Uwar_Biyu: Ji shi fa. Daga shigowa har ya yanke hukunci, don dai namiji ne ake ƙara. Aminiya sannu, ina fatan ba wanda ya ji ciwo. Shinkafar ki fara ceto: ki juye ta duka a kan tabarma, ki ware jiƙaƙƙiyar ki baza ta a rana, kar ki bar ta ta kwana a buhu ko ta yi fumfuna. Moket kuwa a fitar da shi kacokan a shanya a kan katanga, a riƙa juya shi. Ranar Yamai ta yanzu ko ƙato aka shanya sai ya bushe. In kika bar shi a ɗaki kina kunna masa fanka, warin zai yi wata bai fita ba.

Bagobiri227: Tambaya ɗaya kafin in sa baki. Maigidan nan ba Bazabarme ba ne? To ai magana ta ƙare. Mutumin da ya tashi a bakin kogi, in ya ga ruwa a falo gani zai yi gida ya zo masa. Wataƙila ma kifi yake jira.

Maman_Nafisa: Bagobiri, zan nuna masa wannan, ku ƙarata can tsakaninku taubasai.

Mai_Wuta_Katako: Ku bar dariya tukuna. Hajiya, kin ce kin taka ruwan da ƙafa. Akwai ralonj a ƙasa? Wannan wayar mai ramuka da ake jona talabijin da caja a kai?

Maman_Nafisa: Akwai, bayan kujera. Amma Allah ya taimaka, a lokacin babu kuran, an ɗauke wuta.

Mai_Wuta_Katako: To ki yi sadaka, ba wasa nake ba. Da akwai wuta, da yanzu wani labarin muke yi. Duk wanda ya tarar da ruwa a ɗaki, kafin ya sa ƙafa ya fara zuwa wurin kontar, wato mitar wuta, ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, kuma da busasshen hannu, yana tsaye a busasshen wuri. Kar a ce ai an ɗauke, don ba ta sallama in za ta dawo. Ralonj ɗin nan ki jefar da shi, kar ki ce ya bushe daga waje, ruwa na maƙalewa ciki ya yi tsatsa. Kuma mu daina ajiye shi a ƙasa, ƙusa biyu a bango sun isa.

Mushe_Mai_Ritaya: Assalamu alaikum ɗalibaina. Ni ba zan shiga tsakanin miji da mata ba, shekaruna sun hana. Lissafi kawai zan yi muku, tun da shi na koya muku kuna gudu. In ruwa ya zo da ƙarfi irin na tsakar dare, a gidana bido mai lita 25 yana cika cikin minti 2. Ke nan bido 30 a awa ɗaya, lita 750. In ruwan ya dawo ƙarfe 3, aka rufe ƙarfe 5, lita 1,500 ke nan suka zuba, wato bido 60. Ki tambayi mai ga-ruwa nawa zai kawo miki bido 60, sannan ki san abin da falonki ya sha.

Ɗan_Adar: Mushe har yanzu ba ka bar mu mun huta ba? Shekara nawa da munka bar lakkol!

Mushe_Mai_Ritaya: Kai musamman ban bar ka ba, har yau ina bin ka aikin gida ɗaya.

Abijan_Boy: Salamu alaikum jama'a. Kai, ashe zauren nan na raye.

Uwar_Biyu: La ilaha illallahu! Wa nake gani? Shekara biyu ba ka ce uffan ba, har muna cewa ko lambar ta mutu. Ina ka shiga?

Abijan_Boy: Yaya, ku yi haƙuri, wallahi nema ne ya ɓoye ni. Wayata ta faɗa ruwa a kasuwar Ajame, lambobi duka suka tafi, sai wani yaron garinmu ya sake sa ni. Ina karantawa, kunyar sallama ce ta hana ni magana. Amma labarin famfon nan ya fi ƙarfina. Kuma albishirinku, an yi mini ɗiya mace wata huɗu da suka wuce.

Maman_Nafisa: Goro fari! Barka, barka, Allah ya raya ta, ya ba mai jego lafiya. Amma ba mu yafe kuɗin suna ba.

Bagobiri227: Allah ya raya. Ka ga amfanin ambaliya, ta fito da wanda ya nutse.

Abijan_Boy: Amin, na gode. Ɗan_Adar, sai kwanan nan na ji rasuwar Inna. Na rasa ta inda zan fara kiranka. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ba na manta furar da take dama mana in mun taso daga lakkol da rana tsaka.

Ɗan_Adar: Amin ɗan uwa, na gode ƙwarai. Ba komi, sai haƙuri. Har kwanakinta na ƙarshe tana tambaya ina yaron nan mai shan hura ba ya barin saura. In ka zo Tawa ka biyo gida, ƙwaryar na nan.

Hajiya_Bukoki: Allah ya gafarta mata. Ni dai in dawo kan shari'a. A ganina wanda ya kulle ƙofa shi ke da alhakin gida. Haka muka taso muka gani: mahaifinmu kafin ya kwanta sai ya zagaya da cocila, ya duba murhu, ya duba turken awaki, ya taɓa sakata. Ba ya tambayar wa ya bar mene. Yanzu maza sai su dawo daga shan shayi ido na kan waya, ko kura ce a tsakar gida sai su tsallake ta.

Tela_Wadata: Hajiya, a yi mana adalci. Mutum ya ga famfo a buɗe da bokiti a ƙasa, ai ya san da niyya aka tara. In ya rufe, da safe a ce ya hana a samu ruwa. In ya bari, a ce ya jawo ambaliya. Ta ina za mu bi?

Uwar_Biyu: Ta bakinku za ku bi. Ya tashe ta ya ce, "Maman Nafisa, in rufe ko in bari?" Kalma nawa ce?

Tela_Wadata: Ki tashi mace ƙarfe 1 na dare a cikin zafin nan kan maganar famfo? Yaya, ina son raina.

Zinariya_Yantala: Ku naku ruwa ne, da sauƙi. Ni gaz ne ya kusa tashi da mu watan jiya, har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Yarinyar da ke taya ni aiki ta canza kwalba, ƙaramar nan mai kilo 6, ba ta ɗaura kan da kyau ba. Muka rufe kicin muka tafi biki. Da muka dawo ina buɗe ƙofa wari ya buge ni. Hannuna har ya kai kan makunnin fitila, sai maƙwabciyata da ta rako ni ta riƙe shi ta ce kar ki taɓa. Muka buɗe ƙofa da taga, muka fitar da kwalbar tsakar gida, muka zauna waje fiye da awa ɗaya. Ni da ban san kunna fitila kawai na iya tayar da gobara ba.

Mai_Wuta_Katako: Maƙwabciyar nan ki saya mata turmin atamfa. Duk makunni in an taɓa shi yana yin ɗan tartsatsi a ciki, ko kunnawa ko kashewa, kuma shi ya ishi gaz. Wani abin da mutane ba su lura ba: gaz ɗin kwalba ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ba sama yake tashi kamar hayaƙi ba. Shi ya sa buɗe taga ta sama kaɗai ba ta isa, sai an buɗe ƙofa. Warin ma da gangan ake zuba masa don a ji in yana fita.

Bagobiri227: Mu a fadarmu in an canza kwalba, ashana muke ƙyastawa mu zagaya kan, in bai kama ba lafiya lau.

Zinariya_Yantala: Inna lillahi! Bagobiri, ka ce wasa kake.

Mai_Wuta_Katako: In ya kama fa? Sai ku rubuta sakamakon a lahira? Ruwan sabulu ake yi, a kaɗa ya yi kumfa a shafa a kan da bakin tiyo. In ka ga ƙwai-ƙwai na tasowa, yana fita. Tiyon ma yana tsufa, ranar nan tamu tana busar da roba ta tsattsage. Masu kyau akwai shekarar da aka buga a jikinsu, a duba.

Bagobiri227: To na tuba. Daga yau sabulu. Amma in ɗan fada ya ga ina kaɗa kumfa zai ce wanki na koma.

Mushe_Mai_Ritaya: Gara a ce maka ɗan wanki da a ce marigayi.

Ɗan_Adar: Tun da kowa na tona asirin kansa, bari in kawo nawa. Layyar bara na sayo rago a kasuwar Badagishiri, na ɗaure shi gindin bedi. Na zamna ina lissafin kuɗɗin albasa da anka aiko man daga Galmi, takardar na kan tabarma, jika goma ɗaya na bisa. Anka kira salla, na tashi alwala. Kafin in dawo igiya ta kai, rago ya cinye takardar lissafi, yana cikin tamnar kuɗɗin. Rabi na ƙwato daga bakinai. Da anka yanka shi, yara sunka ce a duba tumbi ko canji na ciki.

Abijan_Boy: Wayyo cikina! Rago mafi tsada a Adar.

Tela_Wadata: Aƙalla ka ci kuɗinka a gashe. Ni shadda ta mutane na ƙona, ta ango, ana jibi ɗaurin aure. Kuran ya tafi ina cikin guga, na bar dutsen a kan rigar na fita sayen ƙanƙara. Wuta ta dawo ba na nan. Na tarar da hoton dutsen guga a ƙirjin riga kamar an buga hatimi. Dare ɗaya na yi ina zana aiki a wurin don in rufe, ango ya zo ya ce wannan sabon yayi ne? Na ce daga Bamako ya fito.

Hajiya_Bukoki: Tela, ashe kai ma ka bar abu a kunne ka tafi. Shi ya sa kake kare maigidan Maman Nafisa. Laifi tudu ne.

Mai_Wuta_Katako: Abin Tela da na Hajiya Maman Nafisa duk uwarsu ɗaya: abu ya tafi, mun manta zai dawo. Lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi, a watan Agustan 2023, ba irin kayan da ba a kawo mini gyara ba. Firigo, talabijin, caja, fanka. Yawancinsu ba tafiyar wutar ce ta kashe su ba, dawowarta ce, don takan zo da ƙarfi a karon farko. Ni dokar gidana, in ta tafi a zare komai a bar ƙwan fitila ɗaya. In ta dawo a ba firigo kamar minti 5 kafin a jona shi, injinsa ba ya son a tashe shi a firgice.

Uwar_Biyu: To na ruwa fa, mene ne ƙwan fitilarsa? Don gaskiya ni ma ina barin famfo a buɗe, in ba haka ba ruwan ya zo ya koma muna barci.

Zinariya_Yantala: Na tsakar gida za ki bari, ba na cikin ɗaki ba. Ki kifa tasa ko faranti na ƙarfe a ƙasansa, in ruwa ya zo ƙarar ko mataccen barci kike sai kin tashi. In ma ya zuba, bishiya ta sha.

Maman_Nafisa: Kin ga wannan dabarar ba ta zo mini ba. Namu na tsakar gida ya lalace tun azumi, kullum sai maigida ya ce gobe zai kira mai gyara.

Hajiya_Bukoki: Alƙalai kun ji sabuwar shaida ko?

Tela_Wadata: Wannan ba ta cikin ƙarar farko, ba mu karɓa ba.

Ɗiyar_Harobanda: Sannunku duka. Ina ta dariya ni kaɗai, amma da Maman Nafisa ta ambaci kwalin takardu sai gabana ya faɗi. A daminar 2020, da kogin Isa ya cika ya karya madatsa wajen Lamorde, da dare ruwa ya shigo mana. Mun fita da yara da kayan jikinmu, muka yi makonni a ajin makaranta tare da wasu iyalai. Katifa da kujeru duk an sake saye a hankali. Abin da ya fi wahalar da mu takardu ne: takardun haihuwar yara, takardar fili, shaidar jarrabawata. Tawadar ta narke, wasu sun manne sun zama dunƙule. Na yi fiye da shekara ina sintiri kafin in haɗa wasu. Tun daga nan takarduna suna cikin leda biyu, cikin jaka, a rataye kusa da rufi, kuma kowace na ɗauki hotonta a waya na tura wa ƙanwata a Maraɗi. Aminiya, naki in sun jiƙe kar ki ja su da ƙarfi, kuma kar ki sa su a rana kai tsaye ko su murɗe. Ki raba su a hankali ɗaya-ɗaya, ki shimfiɗa a inuwa a kan busasshen zane, in sun sha iska ki danne su da littafi mai nauyi.

Maman_Nafisa: Allah sarki, Allah kar ya maimaita mana. Na ji kunyar kukan moket ma. Na duba yanzu, na haihuwar yara suna cikin leda, sun tsira. Takardar aurenmu ce ta jiƙe.

Bagobiri227: Takardar aure ta jiƙe? To a sake ɗaurawa, mu ci shinkafa. Ga ta nan ma an riga an jiƙa.

Ɗiyar_Harobanda: Bagobiri ba ka da dama. Kar ki ji kunya aminiya, kowa da girman ruwansa.

Autar_Gida: Salamu alaikum. An turo mini hoton hirar nan an ce ana shari'ar yayana ba ya nan, shi ne na ce a sa ni. Matar yaya, ina wuni? Na zo kare dangi.

Maman_Nafisa: Wa ya shigo da ƴar nan? Uwar_Biyu, aikinki ne. To kare shi mu ji.

Autar_Gida: Gaskiya da niyyar kare shi na zo, amma na tuna tun muna Tawa ya taɓa ɗora shayi a kan gawayi ya tafi kallon ƙwallo, sai da butar ta ƙone ta huje. Kuma ya taɓa zuba wa baƙin Baba gishiri a shayi a madadin sukari, suka shanye don kunya, ɗaya har yana cewa madalla. Don haka na janye.

Ɗan_Adar: Wagga lauya ta kashe mai ƙara da wanda anka yi ƙara duka. Amma ni ina nan kan bakana: wanda yab buɗe shi ka rufewa.

Maman_Nafisa: To ku saurara, magana ta canza. Nafisa ta dawo daga lakkol yanzu, ta ce ita ba ta yi barci ba lokacin da babanta ya shigo. Wai ta ji shi yana murɗa famfon, ƙiiii, har yana cewa "mutane ba su iya rufe abu ba". Ashe ni rabi na buɗe, shi ya zo rufewa ya murɗa ta wancan gefen ya buɗe shi duka. Tun da ba ruwa, bai gane ba.

Hajiya_Bukoki: Allahu akbar! Ruwa ba ya tsami banza.

Tela_Wadata: Shaidar yarinya ƴar shekara nawa? Kuma cikin duhu? Ko ma haka ne, niyyarsa ta alheri ce, rufewa ya je yi.

Mushe_Mai_Ritaya: In haka ne lissafina na buƙatar gyara, don ban san ko rabin buɗewa bokitin zai iya riƙewa har asuba ba. Ba zai iya ba dai, ko lita 5 a minti ne, bokiti ya cika kafin minti 5. Ke nan ko bai taɓa ba falon zai sha, sai dai bai kai haka ba.

Uwar_Biyu: Mushe, wane ɓangare kake ne wai?

Mushe_Mai_Ritaya: Ɓangaren bokiti.

Maman_Nafisa: Na kira shi a waya, ya ce shi bai tuna ya taɓa famfo ba, kuma a gaya wa Bagobiri zai same shi a fada. Amma ya ce mai gyara na zuwa gobe.

Abijan_Boy: Goben nan dai. Jama'a, in Allah ya yarda ina zuwa gida kafin layya, zan sauka Yamai kwana biyu sannan in hau bas ta Doso da Ƙonni in wuce Tawa. A haɗu mana, ko a gidan Maman Nafisa, tun da yanzu an wanke falon.

Zinariya_Yantala: Na yarda, ni zan kawo dambun zogale. Amma a tsakar gida za a zauna, kuma ba yayan Auta ne zai dafa shayi ba.

Ɗiyar_Harobanda: Ku sa ranar Lahadi don Allah, ranar aiki tsallaka gadar Kennedy da yamma sai mai haƙuri.

Uwar_Biyu: Mu nan Lazare an sake ɗauke ruwa yanzun nan. Talaje fa?

Maman_Nafisa: Mu ma ya tafi.

Mai_Wuta_Katako: Hajiya, famfon banɗakin a rufe yake?

Maman_Nafisa: Na rufe. Ina jin na rufe. Dama ake murɗawa ko hagu?

Autar_Gida: Matar yaya, tashi ki je ki duba, muna nan.